Shuɗi Mai Farin Layi

Dattijon ya ajiye ƙyallen a kan teburin mai yadi, ya danne shi da yatsa kamar zai tashi. Shuɗi ne mai siraran fararen layuka, bai kai tafin hannu ba. Daga cikin kalmasar rigar da ke jikinsa ya yanko shi da safe.

"Irin wannan nake nema. Shi sak, ba mai kama da shi ba."

Mai yadi ya ɗaga ƙyallen a haske, ya yi dariya. "Baba, ai wannan ya girmi shagon nan, ya girme ni. A ina aka saya?"

"Ban sani ba."

"To ga sabon yayi, ka ɗinka ka koma saurayi. Mutuniyar taka sai ta kasa gane ka."

Dattijon ya ɗauke ƙyallensa ya fita. Abin da yake gudu ke nan.

A gida akwai mai jiransa. Tun da ciwon mantuwa ya kama ta, fuskoki suka gudu mata ɗaya bayan ɗaya. Abu guda ya rage da take ganewa: shuɗiyar rigar nan. In ya shigo da ita a jikinsa, sai ta gyara ɗankwali, ta buɗe baki ta karɓi abinci da magani. In ya shigo da wata, sai ta juya fuska bango, ta datse haƙora.

Ga rigar ta gaji. Wuyan ya sha faci har babu wurin sa allura, bayan ya yi shara-shara. Wanki ɗaya ko biyu ya rage mata. Ya taɓa ɗinka mai kama da ita, layukan sun ɗan fi faɗi. Ranar ta yi ta kuka tana cewa a fitar mata da baƙon nan daga ɗaki.

Ya bi layin 'yan yadi shago-shago. Wani ya girgiza kai tun kafin ya gama sallama. Wata ta sauke masa bandir har huɗu, ta mayar tana tsaki. Gwiwarsa ta fara ciwo. Ya zauna a bakin wani kanti ya huta, yana kallon mata biyu suna gardamar launi, kowace da 'yar rakiyarta. Shi ba shi da wanda zai ce wa, "Duba mini."

Rana ta take. Matar maƙwabcinsa ce ta zauna da mara lafiyar, ita ma tana da nata girkin.

A ƙarshen layin akwai wata 'yar rumfa, wata tsohuwa na gyangyaɗi a cikin tarin ragowar yadi. Ya kusa wucewa. Sai idonsa ya faɗa kan abin da ta lulluɓe tsohon keken ɗinkinta da shi.

Ya ɗora ƙyallen a kai. Layi ya hau layi.

"Wannan ba na sayarwa ba ne," in ji ta. "Murfin keke ne."

"Ki taimaka mini, 'yar'uwa."

Ta dubi ƙyallen, ta dubi wuyan rigarsa. Ta kakkaɓe yadin, ta ninke masa.

Tela yana bayan rumfar. Dattijon ya cire rigar ya miƙa masa, ya zauna daga shi sai singileti, ya rungume hannu. Tela ya zaro tef zai auna shi.

"Kada ka auna ni. Ka bi tsohuwar rigar."

"Baba, kafaɗar nan ta yi maka yawa, hannun kuma ya yi maka gajarta. Wane makahon tela ne ya yi maka wannan aika-aika?"

"Bar ta yadda take. Maɓallan ma ka ciro ka mayar a sabuwar."

Tela ya taɓe baki, ya taka keke.

Da la'asar ya iso gida, sabuwar rigar na jikinsa, tana ƙanshin sito. Matar maƙwabcin ta tare shi a tsakar gida da kwano a rufe.

"Sannu da dawowa, Baba. Ko ruwa ta ƙi karɓa a hannuna."

Ya karɓi kwanon. A bakin ƙofar ɗakin ya fara durƙusawa don gaisuwa kamar yadda ya saba, sai ya tuna, ya miƙe tsaye. Ya yi gyaran murya irin wanda ya koya, ya ɗaga labule.

Tana kwance, fuska bango. Ta juyo a hankali. Idonta bai tsaya a fuskarsa ba, ya sauka kan ƙirjinsa. Ta daɗe tana kallo. Ta miƙo hannu duk jijiya, ta murza yadin, ta taɓa maɓalli na sama.

Sai ta gyara ɗankwali.

"Maigida, yau ka daɗe."

"Kasuwa ce ta riƙe ni."

Ta buɗe baki. Cokali ɗaya, biyu, uku. Ya goge mata haɓa da gefen yatsa. Can ta tsaya da tauna, ta leƙa bayansa wajen ƙofa, kamar yadda take yi kowace rana.

"Yaron nan har yanzu bai taso daga makaranta ba? Ka rage masa abincin, ka san shi da yunwa."

"Yana hanya," in ji dattijon. Ya gyara kafaɗar rigar mahaifinsa, ya sake cika wa uwarsa cokali.