Mai Kaɗo wa Damo Gwanda

"Wannan ta dala tamanin ta ishe ka," in ji Don Cheo, mai shagon bindigogi a garin Yauco. "Damo fa za ka harba, ba zaki ba."

Na ji kamar ya zage ni. Na nuna wata bindigar iska mai madubin hange, ta dala ɗari shida. Kuɗin sabon firjin matata Migdalia ne, amma na ce mata koren damon da ke cinye mana gwanda ya fi firji gaggawa.

"Heriberto, ko gwangwani ka taɓa harbi?" in ji ta, da na kawo bindigar gida.

"Ke dai tanadi tukunya."

Ranar farko na saita kan damon, na danna. Gwanda ta faɗo tim, damo ko gezau. Washegari biyu suka faɗo. Kafin sati ya zagayo, na zubar da fiye da abin da ya ci a wata guda. Na ce iska ce. Na ce madubin ne.

Jiya na fito na ɗana bindigata. Damon na jin ƙarar, sai ya sauko daga bishiyar. Na ce yauwa, tsoro ya kama ɗan banza! Ashe gindin gwandar ya samu ya zauna, ya ɗaga kai yana jira. Can sai ga wasu uku sun jeru a bayansa.

Migdalia ta leƙo ta taga.

"Maigida, yi sauri mana. Iyayen gidanka na jin yunwa."