Mai Surfani da Ɓurɓushin Manhaja

Tunda ana maganar wace manhaja ce ta fi iya share kwamfuta tas, ga misalin wani mai surfanin kwamfuta da ake kira Lurwanu, mai shago a layin teloli. Mutum ne mai shegen son sani, ko rediyo ya saya sai ya kwance bayanta ya ga ta inda magana ke fitowa. Arzikinsa duka zane ne, wuyan riga da aljihu da aska iri-iri da ya zana da hannunsa shekara da shekaru. Ya tara su a kwamfutar shago, kuma ba shi da su a ko'ina sai can. A cikinsu akwai wani wuya da teloli suka yi ta ƙoƙarin kwaikwayo har suka gaji suka sallama. Tsohuwar manhajar da yake zane da ita kuwa tana da wani hali da bai taɓa lura da shi ba: duk abin da aka zana, a cikin jakarta take ajiye shi, ƙarƙashin sunanta.

Da ya samu sabuwar manhaja sai ya cire tsohuwar yadda kowa ke cirewa. Zane-zanensa suna nan lafiya, don cirewar ba ta taɓa jakar ba, sabuwar ma can take zuwa ta ɗauko su. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wuri. Ya cire abu mai girma, amma kwamfuta tana nan a cike, tana nishi kamar da. To ina sauran ya maƙale? Ya shiga tono. Jaka cikin jaka, sai ga sunayen manhajojin da ya kora tun tuni, har da ta wata na'urar buga takarda da ya sayar ya manta. Ashe manhaja 'yar haya ce, in ta tashi sai ta bar tsohuwar tabarma da fasasshen tulu a ɗaki. Abin ya ba shi mamaki, ya kuma yi masa daɗi. Ranar har abincinsa ya huce bai sani ba, yana ta leƙe-leƙe yana cewa, "Kai, ke ma kina nan?"

Ya tafi wurin maƙwabcinsa Sagir mai gyaran kwamfuta ya tambaye shi abin da ake kwashe wannan tarkace da shi. Sagir ya ce, "Iri biyu ne, Malam Lurwanu. Akwai wadda za ta tara maka ɓurɓushin ta tsaya, kai ne za ka duba ka ce wannan a zubar, wannan a bari. Akwai kuma wadda ba ta shawara da kowa, dannawa ɗaya ta gama, ko kwandon shara ba ta bi ta kansa. Ni dai kowacce za ka ɗauka, ka fara kwafe kayanka a filashi." Lurwanu ya ce ya ji, ya gode.

Nan fa son sani ya juya masa baya. Mutumin da ba ya barin bayan rediyo a rufe, yau bai damu ya ga abin da za a zubar ba, so yake ya ga iyakar abin da manhaja za ta iya tonowa. Ta farko ya ga ta cika tambaya kamar baƙuwa a kasuwa. Ta biyu ya ɗauka, ya kuma zaɓi shara mafi zurfi. Filashi kuwa ya ce sai gobe in Allah ya kai mu, ai shara ce kawai ba gobara ba. Ya danna, ya harɗe hannu yana kallo, baki har kunne. Manhaja ta bi kwamfuta lungu-lungu, duk jakar da ke ɗauke da sunan abin da aka cire ta kwashe. Ita ba ta san wuyan riga ba, suna kawai ta sani. Da ta gama, wuri ya buɗe fayau, kwamfuta ta koma tashi kamar sabuwa, har ya kira Sagir ya zo ya gani.

Washegari da hantsi wani Alhaji, tsohon mai ba shi aiki, ya shigo da shadda a hammata ya ce wuyan nan na bara yake so, shi ɗin dai, kada a sauya ko zare ɗaya. Lurwanu ya ce an gama, ya buɗe manhaja. Ta buɗe nan take, ba jira ba nishi, kuma babu komai a cikinta. Ya rufe ya sake buɗewa. Ya duba kwandon shara, wayam. Nan ya gane ba wuya ɗaya ya tafi ba, duk aikin hannunsa ne. Sagir ya zo ya gwada dabarunsa, abin da ya dawo gutsattsari ne da ba sa buɗuwa.

Can Lurwanu ya ɗago, murya a sanyaye ya ce, "Ranka ya daɗe, ko tsohuwar rigar tana nan, in ɗan duba ta in sake zanawa?"

Alhaji ya ce, "Ayya, ai tun bayan salla na yi kyauta da ita. Na san kana da zanen, me zan ajiye ta in yi?"

Da ma Hausawa sun faɗa, garin neman gira akan rasa ido.