Kejin da ya fi ƙofa faɗi

Kai da kake cewa ba ka son alfarmar kowa, gyara zama ka ji wannan.

An yi wani manomi a wani ƙauye, mutum mai ƙwazo, sai dai ba ya shiga sabgar mutane. In an kira gayya ya ce ƙugunsa na ciwo, in nasa aikin ya taso kuma ba ya kiran kowa, wai kada a ci masa tuwo a dawo ana yi masa gori. 'Yarsa guda ɗaya tak, tun tana ƙarama take kiwon ɓerayen Masar, 'yan dabbobin nan masu gajerun ƙafafu, marasa wutsiya, da ke ɗaukar fito da zarar sun ji motsin ganye. Da ta yi aure a wani gari mai nisa sai ta bar masa su amana, ta ce in ta zauna da gindinta za ta zo ta ɗauka. Ya kife su da kwando a tsakar gida kamar 'yan tsaki. Muzurun unguwa kuwa ya gano hanya. Da an tafi gona sai ya ture kwando, yau ɗaya jibi ɗaya, har saura biyu, macen kuma da ciki. Abin ya dame shi ƙwarai, don bai san da wane ido zai kalli 'yarsa ba.

Sai ya ƙudura zai haɗa musu keji da hannunsa. Ya ɓamɓaro katakon wata tsohuwar ƙofa, ranar kasuwa ya sayo ragar waya da ƙusoshi. To amma dangarsa gajeriya ce, duk mai wucewa yana hango tsakar gida, shi kuwa gara ya mutu da a ce dattijo da furfura yana gina wa ɓera gida. Ya sa matarsa ta fitar da murhu waje, ya shige ɗakin girki, irin zagayayyen ɗakin nan na laka mai rufin ciyawa, ya saki asabari. Gaskiya aiki ya yi kyau. Ya yi wa kejin dogayen ƙafafu, ya shimfiɗa katako a ƙasa don kada waya ta yanka musu tafi, ya kife fasasshiyar tukunya a lungu don su sami wurin ɓuya, ya sa ƙyaure da sakata. Duk sanda ya tuna da 'ya'yan da ke tafe sai ya ƙara faɗi. Komai ya auna, ƙofar ɗakin ce kawai bai auna ba. Ya gwada fitar da keji a tsaye, ya gwada a kwance, ya gwada a karkace, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Kwancewa kuma ba ta yiwuwa, katakon ya tsufa, ana zare ƙusa yake tsagewa. Ga hadari ya soma haɗuwa a gabas, matar tana son ɗakinta, kuma ya san in aka hura wuta da dabbobin a ciki hayaƙi zai ƙarasa abin da muzuru ya rage. Da ya rasa yadda zai yi, har ya tokari rufin da tabarya ya gwada ɗagawa. Ko gezau, sai ƙura da kunkunniya da suka cika masa ido.

Matar ce ta gaji, ta tsegunta wa maƙwabciyarta ta saman danga. Bayan la'asar sai ga sallama, mazan unguwa reras a ƙofar gida. Ya fito jiki a sanyaye, yana jiran dariya. Dariya kam an yi ta. Babbansu ya leƙa ɗakin ya ce, "Malam, ashe manyan baƙi ka yi daga Masar, masauki ya ƙi fitowa? Ai da ka yi magana." Daga nan suka kwance igiyoyin rufin, suka kewaye ɗaki, kowa ya sa kafaɗa, aka yi bisimilla, rufin ya tashi cak aka sauke shi gefe. Biyu suka shiga suka miƙo keji ta saman bango, wasu suka karɓa. Kafin a mayar da rufin, wani ya ga inda ciyawa ta ruɓe, ya je gidansa ya ɗauko dami ya toshe. Cikinsu babu wanda ya tuna masa da ciwon ƙugu.

Aka ajiye keji a inuwar rumbu, ya saka dabbobin a ciki da ganyen dankali, ya zura sakata. Ya tsaya yana kallon su suna ci, ƙwalla ta cika masa ido, kunya da murna sun haɗe masa. Ya bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya yana riƙe hannunsu, "Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci." Ba su kai gida ba ruwa ya sauko. Matar ta yi tuwonta a ɗakinta, amanar 'yarsa tana bayan sakata, muzuru na raɓe a ƙarƙashin rumbu yana haɗiyar yawu.

Saboda haka, ɗan'uwa, in abu ya fi ƙarfinka ka buɗe baki. Ba a banza Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ba.