Bayan Daƙiƙa Goma Sha Biyar

Saura daƙiƙa tara a agogon wasan ƙwallon Amurka, muryar ta sake magana a cikin hular kwanon Tavon Prewitt.

"Hagu, Kyaftin. Mai jifansu ruɗinka yake yi, hagu zai jefa."

Tavon ya zame hagu taku uku. Ƙwallon ta zo ta faɗa masa a ƙirji kamar an aiko masa da ita. Fili ya ɗauki ihu, abokan wasa suka yi ta bubbuga masa hula, shi kuwa bai taya su murna ba.

Dokar a fili take. Cikin 'yan tsaron baya goma sha ɗaya, mutum ɗaya ake sa wa rediyo a hula, a manna masa koren ɗigo ta ƙeya don alƙalai su gane shi. Ta nan koci ke gaya masa tsarin da za a tsaya. Da agogo ya kai saura daƙiƙa goma sha biyar a saki ƙwallo, sai a katse layin ƙit. Shekara takwas Tavon yana riƙe da wannan aiki, ya san shirun nan sarai. To yanzu shirun ya daina zuwa.

Bara su ne na ƙarshe a tsaro, duk wanda ya zo sai ya ratsa su ya wuce. Jaridun garin suka gaji da zagi suka koma tausayi, wanda ya fi ciwo. Aka ɗauko Koci Strand, wani tsoho da taba ta cinye wa murya, don ya gyara. Farkon kakar wasa abin ya ƙi. A Oktoba Tavon ya gwabza kai da wani ƙato, likitoci suka hana shi fili mako biyu. Da ya dawo sai komai ya sauya. Muryar Strand ta riƙa bin sa har lokacin da za a saki ƙwallo, kuma da wuya ta kuskure. Daga na ƙarshe suka hau na huɗu.

Tavon ba yaro ba ne, ya san sunan wannan abu. Maguɗi ne. Shekararsa talatin da huɗu, wannan ce kakarsa ta ƙarshe, kuma burinsa ɗaya: ya ƙarasa ta a kan ƙafafunsa, da sunansa a wanke. In aka gano, hularsa za a ɗaga a gaban 'yan jarida.

Ya taɓa gwada tsohon a hanyar fita daga fili.

"Koci, na gode da hagun nan."

"Wane hagu?" in ji Strand. "Idonka ne, mutumina. Ni tsakiya na ce a toshe."

Tavon ya yi murmushin yaƙe. Tsohon nan ya iya ɓoye sawu, ko a mafarki ba zai amsa ba.

Lamont Rusk ma, amininsa da ke tsaron can baya, ya tsiro da sabon hali. In sun haɗa kai kafin a fara, sai ya riga Tavon faɗin tsari.

"Huta da bakinka, tsoho," yakan ce. "Kai dai ka ci gaba da bokancinka."

Sau biyu abin da Rusk ya faɗa ya saɓa da wanda Tavon ya ji a kunnensa. Ya ƙyale shi, don ba ya son kunyata aboki a gaban mutane.

A gida, matarsa Renita ta lura yana karkata kai gefe suna tsakiyar cin abinci. Ya ce kunne ne ya saba da sautin rediyo, ko an cire hula sai ya ɗan yi ta shuuu.

"Ka yi mini alkawari, Tay," ta ce. "Ranar da kan nan ya fara wasa da kai, ka ajiye musu hularsu."

"Kaina ras yake."

"Haka ka ce jiya da na yi maka wannan maganar."

Bai tuna sun yi ta jiya ba, amma ai mata sun iya ƙari.

Ranar Lahadi za a shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale, inda ake binciken kaya da idon mikiya. Tsoro ya hana shi sakat. Da safiyar Talata, ranar hutu, ya ɗauki hularsa ya nufi ɗakin kayan wasa. Ya tarar da Gus Pulaski, wanda ya shekara talatin yana gyaran hulunan ƙungiyar, yana kurɓar kofi.

Tavon ya tura ƙofa ya rufe.

"Gus, ba na son sanin wanda ya sa ka. Ka mayar da rediyon nan yadda doka ta ce. Wata biyu ke nan ba ya katsewa, Koci na yi mini magana har a saki ƙwallo. Ba da wannan zan yi sallama da wasa ba."

Gus ya ajiye kofi a hankali. Ya karɓi hular, ya juyo ƙeyarta, ya shafa gurbin koren ɗigon da babban yatsa. Sannan ya ɗaga soson da ke daidai kunne, ya daɗe yana kallon Tavon, idonsa ya kawo ruwa.

"Kyaftin," ya ce, "tun ranar da ka faɗi a Oktoba aka mayar da rediyon hular Rusk. A gabanka na cire shi."