Tukunyar Gam

Saurayin yana shigowa ɗakinsu na unguwar Hor Al Anz, a ƙasar Larabawa, ya tarar da yayan budurwarsa zaune a kan kafet, yana suɗe ƙaramar tukunyar saurayin da biredi.

Watanni saurayin ya yi yana sassaƙa wa budurwar gogen Turawa, tun ranar da ta ce sautinsa na sa ta hawaye. A shagon da yake koyon aikin, da gam ɗin fatar shanu ake haɗa goge: a jiƙa, a narkar a hankali, a shafa da ɗuminsa. Gam ɗin ya bari cikin tukunyar nan a kicin, ya sauka sayo burushi.

"Habibi, baƙo ya zo, firji babu komai," abokin ɗakinsa ya raɗa masa. "Na ga romon gandarka, sai na ƙara masa attaruhu da magi."

Yayan ya zo ganin mai neman ƙanwarsa ne, kuma a gidansu ba a tsallake maganarsa. Saurayin ya sandare da burushi a hannu, yana tunanin asibiti, yana tunanin idanunta.

Yayan ya lashe yatsa, ya ɗago kai. Sai da ya ɗan yi kokawa kafin leɓɓansa suka rabu.

"An ce mini makaɗi ne kai, na zo in ce a'a. Amma tun da na baro Kano ban sha romo mai kauri haka ba. Ka turo magabatanka, khalas, shi ke nan. Ranar biki kuma kai za ka dafa wa kowa."