Katin Inshorar Kinako

Da rana tsaka na faɗa asibitin dabbobi, rungume da kwandon kyanwata Kinako.

"Likita, zafi ya buge ta! Tun safe take kuka. Ga katin inshorarta. Amanar marigayiya matata ce."

Likita Kuwabara ta tattaɓa kyanwar. "Kana kunna na'urar sanyaya ɗaki?"

"A ɗakinta kawai. Ni mafici da littattafai sun ishe ni. Shekara saba'in zafin birnin Nagoya bai kashe ni ba, abin takaici."

Ta dubi busassun leɓɓana, ta taɓa goshina ta ji zafi rau, ta kira motar asibiti.

"Baba, kyanwarka garau take. Kai take wa kuka. Ina naka katin?"

Yana gida. Da shi na tokare ƙafar gadon Kinako.