Kwalkwali Goma Sha Uku

Gyara zama, Malam, tunda ka ce kai ido ya ishe ka shaida. Akwai wani mutum, sana'arsa haɗa wa 'yan fim kayan yaƙin ƙarya: takobin katako, garkuwar kwali, mashin da ko kaza ba zai soke ba. Wata rana za a yi fim na yaƙin zamanin da, aka kawo masa tsohon kwalkwali na ƙarfe guda ɗaya tal, aka ce ya fitar da irinsa goma sha biyu. Ya shafe shi da mai, ya lulluɓe shi da filasta, da ta bushe ya raba ta biyu, ga mazubi ya samu. A ciki ya riƙa zuba wani ruwan danƙo mai daskarewa, yana cuɗa shi da yashi don nauyi ya zo ɗaya, saboda kwalkwali marar nauyi rawa yake yi a ka, kyamara kuwa ba ta rufa wa kowa asiri. Shi mazubi abin da ya tarar yake ɗauka. Har wurin da na asalin ya ɗan lotse a saman kunnen hagu sai da ya fito a jikin kowanne. Mutumin ya bi su da fenti, ya goga musu baƙin batir, ya ɗiga jar ƙasa a lungu-lungu ta zama tsatsa. To, al'adar masu wannan sana'a, duk na bogi sai an ɗiga masa jan fenti ta ciki don kada a rikice. Gogan naka bai ɗiga ba. Daɗi yake ji ya jera su goma sha uku a ƙofar shago, mutane su ɗaga, su juya, su leƙa ciki, a rasa mai nuna na gaske. Shi kuwa da farce yake ganewa, in ya ɗalle shi ƙarfe sai ya amsa.

A cikin fim ɗin akwai inda za a maka wa jarumi kulki a ka, duka na gaske, domin darakta ya ce ba ya son wasan yara. An yi magana an gama cewa a nan na ƙarfen za a sa masa. Ranar ɗauka mutumin ya jera su a tabarma, ya ware na ƙarfen a gefen dama, ya tafi sallar La'asar. Kafin ya dawo an raba wa 'yan wasa kaya, tabarma wayam. Jarumi na tsaye a tsakiyar fili da kwalkwali a kansa, ga wani ƙato gabansa yana juya kulki. Mutumin ya tambayi wanda ya raba kayan wanne ya ba jarumi, aka ce masa, “Mai lotsewar nan mana.” Kai ka ji. Duka goma sha ukun ai a lotse suke.

Tsakaninsa da jarumin bai fi taku ashirin ba, kuma farce ɗaya ya isa ya raba gardama. Amma rana na sauka, darakta na ta faɗa cewa haske zai ƙwace masa, kuma ɗazun nan ya gama yabon mutumin a gaban jama'a, yana cewa ko a duhu ya san kayansa. Yanzu kuma mutumin ya ratsa fili ya ce a dakata, wai bai san nasa ba? Kunya ta riƙe masa ƙafa. Sai ya tsaya yana ƙura wa kwalkwalin ido daga nesa. Ya dubi ƙyallin, ya ce wannan ƙyallin ƙarfe ne. Ya dubi tsatsar, ya ce wannan tsatsar shekaru ce, ya manta da hannunsa ya kwaɓa jar ƙasar. Zuciya ɗaya na cewa je ka taɓa, ɗaya na cewa ai shi ne, dubi yadda ya zauna. Ya ɗaga ƙafa, ya mayar. Ya buɗe baki, sai ya ji an ce a yi shiru za a ɗauka. Wallahi da ya yi tari ma a lokacin da an waiwayo.

Kulki ya sauka. Kowa na jiran ƙarar ƙarfe, sai aka ji ƙwas, irin ta busasshiyar ƙwarya in an taka ta. Kwalkwali ya dare biyu, jarumi ya zube, jini na bin wuyansa. Na ƙarfen kuwa can aka same shi a bakin fili, a kan wani da aka ce ya kwanta ya yi kamar gawa, wanda ko ƙuda ba a shirya zai taɓa shi ba. Allah ya yi da sauran kwana, jarumin ya tashi bayan wata biyu a asibiti. Sai dai kunnen hagu ya tafi, kuma magana uku ba ta zama a kansa, balle ya haddace ta fim. Mutum mai mata da 'ya'ya huɗu, da bakinsa yake ci, ya koma zaman gida. Mai kwalkwali bai taɓa iya zuwa gaishe shi ba, in ya hango shi a hanya sai ya sake kwana. Ba banza ba Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.